Alick Garrow, Mutumin da Ya Kai Ƙarar Amininsa

Wanda ya ci amanar amininsa don aminin ya rayu, wane suna ya dace da shi? Mako huɗu ke nan ina juya wannan tambaya. Na kai ta wurin limamin cocinmu, na nemi amsarta a 'yan littattafan da na tara cikin shekarun da na yi ina tuƙa motar dusa, ban samu abin da ya kwantar mini da rai ba. Mutanen Kildarrie dai ba su sha wannan wahala ba. Tun shekarar 1986 suka yanke hukunci, suka laƙaba wa Alick Garrow suna Ɗan Rahoto, kuma da wannan sunan ya yi shekara talatin da takwas yana shiga matatar wiski ta garinmu yana fita. A ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki. Lokaci ya yi da wani daga cikinmu zai faɗi abin da ya kamata.

Ƙarfe bakwai saura kwata yake fitowa daga gida, da fulas ɗin shayi da burodi a takarda. Ba ya bi ta babbar ƙofa. Ta gadar katako yake tsallakawa, ya durƙusa ya tsoma hannu a rafi ya ji sanyin ruwan, kamar mai taɓa goshin yaro. Daga nan sai sito na ɗaya, mai daɓen ƙasa da bangon dutse da ya yi baƙi, inda ganguna ke kwance hawa uku. In ya buɗe ƙofa ba ya kunna fitila nan take. Yakan tsaya ya shaƙi iskar ɗakin tukuna, domin gangar da ta yi yoyo hanci ne ke fara jin labarinta. Sannan ya ɗauki gudumarsa ta katako ya bi layi, kowace ganga bugu ɗaya. Cikakkiya takan amsa da gajeriyar murya. Wadda ta ragu takan ja ƙara, kamar mai son ta ƙara magana.

Rhona Dey, wadda ta gaji makullan yanzu, ta ba ni labarin makonta na farko da shi. Ya buga wata ganga a hawa na uku, ya juyo ya ce, "Kin ji?"

"Ban ji komai ba sai tarin da kake yi," in ji ta.

"To ki koma ofis. Can ma ana ɗaukar kurame."

Ta hau tsani don ta ƙure shi. A bayan gangar, inda ido ba ya kaiwa, ta samu huda kamar ta allura, tana zufa. Da ta sauko bai ce mata ya faɗa ba. Ya miƙa mata ɗan tsinken katako na toshewa ya wuce gaba.

Shi ne yakan ce duk sauran ma'aikatan 'yan gaggawa ne. Masu jiƙa sha'ir su baza shi a daɓe ya tsiro, suna juya shi da shebur na katako har kafaɗa ta sage. Masu busar da shi a hayaƙin baƙar lakar da ake yankowa daga fadamar kan tudu. Masu niƙa, masu dama garin da ruwan zafi su zuba yis ya kwana uku yana kumfa. Har shi mai tukunya, da ke tsaye gaban manyan tukwanen tagulla masu dogon wuya yana jiran tururi ya koma ruwa, ya ware na farko mai kaifi da na ƙarshe mai wari ya tsame na tsakiya, dukansu aikinsu bai kai mako uku ba. Daga nan a ɗura a ganga a miƙa wa Alick, shi kuma ya shekara goma sha biyu yana gadi. Kowace shekara katako yakan sha kaɗan, iska ta ɗauke kaɗan. Rabon mala'iku ake kiran wannan ragin tun kaka da kakanni. Sai dai mala'ikun Kildarrie, in ji tsofaffi, takalman aiki ne a ƙafarsu.

A 1897 aka kafa matatar da izinin hukuma, amma kakan wanda ya kafa ta a kogon dutse yake dafa nasa, mata na shanya farin mayafi a kan katanga in sun hango 'yan kwastan. Mun gaji tukunya, mun gaji rafi, mun kuma gaji doka guda da ba a taɓa rubutawa ba: ba a kai ƙarar mutum a kan wiski. Za ka iya dukan maƙwabcinka a kasuwar shanu a yafe maka kafin Lahadi. Wannan kuwa ba a yafe ta.

Lokacin da Alick ya fara aiki a 1976, yana da shekara goma sha takwas, sau uku a rana ake jera ma'aikata a miƙa wa kowa kofin farin wiski, sabon fita daga tukunya, wanda ko ganga bai gani ba. Da safe, da tsakar rana, da tashi. Ba a tambayar ko kana so. Bayan 'yan shekaru kamfani ya soke al'adar da wasiƙa guda, amma wasiƙa ba ta kashe ƙishin da aka daɗe ana kiwo. Sai kare ya yawaita. Kare shi ne guntun bututun tagulla mai toshe a gindi da igiya a wuya. A zura shi a ganga, a ciro shi cike, a sake shi cikin ƙafar wando, ya bi ubangidansa gida. Kowa ya sani, kowa ya kau da kai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dod Shand shi ne mai tukunya a lokacin, kamar yadda ubansa ya yi kafinsa. Ba a taɓa mai hanci irin nasa ba wajen sanin inda na tsakiya ya fara da inda ya ƙare. Tare suka taso da Alick, tare suka kama kifi a rafin nan, Alick ne ya riƙe masa zobe ranar da ya auri Ishbel. Kuma Alick, da yake shi ke buga ganguna kullum, ya riga kowa jin yadda karen Dod ya koma zuwa sau biyu a rana, sannan sau huɗu.

Ya yi masa magana. Dod ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka zama limami tun ba ka yi furfura ba. Je ka yi wa gangunanka wa'azi." Ya sake yi masa magana ranar da ya same shi da tsakar rana yana barci a jikin tukunya tana tafasa. Dod ya ce ido kawai ya lumshe.

Wata ranar Talata a watan Afrilun 1986, ana hutun shayin hantsi, Ishbel ta zo ƙofar sito na ɗaya. Mata ba sa zuwa wurin. Ta tsaya daga ciki kaɗan don kada a gan ta daga tsakar fili.

"Likita ya ce hantarsa ta kumbura," in ji ta. "Ya ce in ya ƙara shekara guda a haka, in nemi baƙaƙen kaya."

"Ki sa ya bar aikin."

"Na roƙa, na yi kuka, na kwashe yara na tafi gidanmu na dawo. Ya ce tukunyar ubansa ce. Muddin yana shaƙar warin nan daga safe zuwa yamma ba zai daina ba, Alick. Ba zai fita da ƙafarsa ba. Sai an fitar da shi."

Alick ya daɗe yana kallon gudumar da ke hannunsa. Ya gane abin da take nufi tun kafin ta ƙarasa.

"Ga ofishin manaja can," ya ce. "Ba nisa."

"In ni na kai shi, ba zai sake kallon fuskata ba."

"Ni kuma zai sake kallon tawa?"

"Kai za ka iya rayuwa ba shi. Ni da yara ba za mu iya ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Kuma ba zai taɓa ji ba. Ba shi ba, ba matarka ba, ba kowa ba. Ka yi mini alkawari."

Ban san abin da ya gudana a zuciyarsa cikin kwana biyun da suka biyo ba. Na tambaye shi kwanan nan, ya ce ganguna ya buga. Ranar Alhamis ya shiga ofishin Mista Farquhar, manajan wancan zamani, ya cire hula.

"Yallaɓai, a duba ƙafar wandon Dod Shand in an tashi."

Manaja ya ajiye alƙalami. Shi ma ɗan ƙasar nan ne, ya san doka. "Ka san abin da kake yi, Garrow? In na duba dole in gani. In na gani dole ɗan kwastan ya ji. In ya ji, ba aiki, ba gidan kamfani. Kana so in ce ban ji ka ba? Kunnena ba shi da kyau yau."

"Sai in maimaita da ƙarfi, yallaɓai."

Ina tsakar filin da yammar. An ciro karen daga wandon Dod a gaban kowa, yana ɗiga. Dod bai yi gardama ba. Ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Wa?" Ba wanda ya sani, kuma da Alick ya yi shiru da an daɗe ana zargin juna. Sai ya matso gaba ya ce, "Ni ne."

"Kai ne ka riƙe mini zobe," in ji Dod. Ita ce maganar ƙarshe da ya yi masa a duniya.

Mako huɗu aka ba su su bar gidan kamfani, a shekarun da ake rufe matatu ko'ina, aiki ya fi zinariya wuya. Motata ce ta kwashe kayansu zuwa gidan hukuma a cikin birni, mil goma sha ɗaya. Ishbel ta zauna gaba da yara biyu. Ni na yi ta zagin Alick har muka isa, ita ba ta ce uffan ba. Na ɗauka baƙin ciki ne ya ɗaure mata baki.

Abin da muka yi masa bayan nan ba duka ba ne, ba jifa ba. Mu ba mu iya wannan ba. In ya zauna a bencin shayi sai benci ya yi masa faɗi. In ya shiga shago sai hira ta koma kan ruwan sama. An daina gayyatarsa daurin aure. Matarsa Catriona, wadda ba ta taɓa kai ƙarar ko kaza ba, ta ga an daina karɓar wainarta a cinikin taimako na coci, wai an samu da yawa. Ta tambaye shi dalili sau ba adadi, amsarsa guda ce: "Ya yi sata, na faɗa." Tun daga ranar Alhamis ɗin nan bai sake kai wiski bakinsa ba, wannan ma aka ce girman kai ne.

Amma aiki bai san sunan da ake kiran mai shi ba. Da kamfani ya dakatar da dafawa shekara huɗu aka sallami kusan kowa, Alick kaɗai aka bari da makullai, kuma bai fasa buga ganga ko ta rana guda ba, ga shi ba mai duba shi. Shekarar da dusar ƙanƙara ta danne rufin siton wasu garuruwa, shi ya ji katakon rufin namu na kuka, ya tara mutum shida da shebur suka hau, waɗanda ba sa gaishe shi suna karɓar umarninsa. Ganga dubu huɗu ke ƙarƙashin rufin nan, abincin garin na shekara goma.

Akwai kuma labarin Wattie Stronach, wanda ya ba ni izinin faɗa. Wata rana ya fito daga sito da kare a wando, sai ga Alick a bakin ƙofa.

"Na ce shi ke nan, nawa ya ƙare," in ji Wattie. "Sai ya dube ni ya ce, 'Wattie, tafiyarka ta koma ta mai ƙafar katako. Yaƙi aka yi ban ji ba?' Ya miƙo hannu na ba shi. Ya ce ranar Talata in jira shi a gada. Shekara biyu yana kai ni taron masu barin sha a birni, ya zauna a mota yana karanta jarida har in fito."

Na tambayi Wattie ko ya taɓa faɗin wannan a bencin shayi. Ya sunkuyar da kai. Bai taɓa ba. Shi ma yakan matsa in Alick ya zauna.

Dod kuwa ya yi shekara biyu masu muni, sannan ya daina, rana guda, bai sake komawa ba. Ya samu aikin dashen itatuwa a kan tudu, inda ba warin komai sai na ƙasa. Ya aurar da 'yarsa, ya ɗauki jikoki. A 2015 zuciyarsa ta tsaya, yana da shekara sittin. Cikin waɗanda suka jeru tare da shi a layin kofin wiski, huɗu ba su ga shekara hamsin da biyar ba, kuma ba wanda ya kai ƙararsu. Mun rufa musu asiri har muka rufa musu ƙasa.

Ranar jana'izar Dod, Alick daga bayan katangar maƙabarta ya tsaya. Bayan mako guda ya hau motar haya ya je gidan Ishbel, karo na farko cikin shekara ashirin da tara. Ba ta ce ya zauna ba.

"Ya tafi bai ji ba," ya ce. "Na cika alkawari."

"Ka cika."

"Ban zo don garin ba. Garin ya ji da kansa. Amma Catriona ba ta da lafiya, ina so ta sani. Da Ewen. Kullum muna haɗuwa a fili ɗaya."

Ewen shi ne ɗan Dod. Tun 2001 ya karɓi tukunyar ubansa da kakansa, ya gaji hancin, bai gaji ƙishin ba.

"Ewen ya tashi yana ganin kai ka raba mu da gida," in ji Ishbel. "Da wannan ya yi makaranta, da shi ya yi aure. In na cire masa kai, wa zai gani a wurin? Na rasa uban mako guda ke nan. So kake in rasa ɗan?"

"Catriona kaɗai to."

"Abin da mutum uku suka sani, garin ya sani. A'a, Alick. Ba zan faɗa ba, kuma ban sake ka ba."

Ya sa hula ya koma tasha. Catriona ta rasu bayan shekara huɗu, tana ganin ta auri mutumin kirki mai tabo guda da ba ta gane ba. Nan ne alƙalamina ke yin nauyi. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma wannan sirri ba cikinsa kaɗai ya ƙona ba. Alkawarin da ya yi wa matar wani, matarsa ce ta biya rabinsa ba tare da an shawarce ta ba. Ina kuma zargin akwai 'yar taurin kai a cikin shirun nan, irin ta mutumin da ya saba da kayansa har ba ya son a taya shi saukewa. Ba waliyyi nake yabo ba. Mai sito ne, mai kaifin harshe, mai rowar murmushi.

Shi da Ewen suka ci gaba da aiki fili guda. Ewen ba ya yi masa magana kai tsaye. Yakan ce, "Rhona, ki gaya wa mai sito ganguna ashirin nake so a cika gobe," alhali Alick na tsaye kusa da shi. Alick ya ce, "Ki gaya masa na ji. Kunne ɗaya ne ya mutu."

A matatarmu, in mutum zai ajiye aiki, shi ke buga matoshin gangar ƙarshe ta makon, kowane ma'aikaci ya rubuta sunansa da alli a fuskarta, a kwantar da ita a sito na ɗaya. In ka shiga yau za ka ga na waɗanda suka shuɗe, sunaye sun cika su fal. Tun ranar Litinin Rhona ta fara yawo da alli. Da ta kai wurin Ewen ya ci gaba da kallon tukunyarsa.

"Hannuna ba ya rubutu a gangar ɗan rahoto," ya ce.

Mutum biyar suka bi bayansa, biyu daga cikinsu ba a ma haife su ba a 1986. Alick ya ga gurbin da aka bari a fuskar gangar. Ya karɓi allin daga hannun Rhona ya ce ta daina wahalar da ƙafarta.

Ranar Juma'a da tsakar rana aka taru a sito, da tukunyar miyar sha'ir da burodi a kan tebur. Manaja na yanzu yana cikin jawabi, ya kai wurin labarin rufi, sai ga Ishbel Shand a ƙofa da jakarta a hannu.

"Mama, me ya kawo ki?" in ji Ewen.

"Motar haya. Ajiye cokalin nan ka saurara."

Alick ya gane. Ya ce, "Ishbel, miya na hucewa. Zauna a zuba miki."

"Kai dai ci gaba da shirunka, Alick Garrow, shi ka iya. Shekara talatin da takwas ka ɗora mini shi a ka kamar dutse." Ta juya wurin ɗanta. "Ranar Lahadi a teburina kana taƙamar ba za ka sa suna ba, sai na ji 'yarka, mai shekara takwas, ta ce Ɗan Rahoto, tana dariya. Ba ta taɓa ganin mutumin ba. Na ce ashe har ita na shayar da ƙiyayyar nan. Ni na aike shi, Ewen. A nan inda nake tsaye na roƙe shi ya kai ƙarar ubanka, don likita ya ce shekara guda ta rage masa. Ni na raba mu da gidan. Shi kawai ya yarda a kira shi da sunan da ya kamata a kira ni."

Ba wanda ya motsa. Wattie ya cire hula, ban san dalili ba.

"Baba ya sani?" Ewen ya tambaya.

"Bai sani ba. Da ya sani da ba ka tashi da uba ba, ko ta nan ko ta can."

Ewen ya dubi uwarsa, ya dubi Alick, ya fita. Muka ji takunsa a kan tsakuwa har ya ɓace. Ishbel ta zauna a kan wata ganga.

"To, ga abin da ka roƙa," ta ce. "Ya makara."

"Catriona ce ya kamata ta ji."

"Na biya ta kabarinta da safe."

Alick ya zuba mata miya da kansa. Sannan ya ɗauki guduma ya buga matoshin, bugu uku, ya miƙa wa Rhona makullai.

Alick, ban samu amsar tambayata ba, kuma na daina sa ran samu. Ban sani ba ko kai ne ka ceci Dod, ko Ishbel ce, ko shi da kansa a kan tudu. Abin da na sani shi ne, mu duka mun ƙaunace shi ƙaunar da ba ta ci mana komai, muka kau da kai muka kira ta amana. Kai ne ka ƙaunace shi ƙaunar da ta cinye maka suna. Kai ne mai kunnen da ke jin yoyo tun yana zufa, a ganga da a mutum. Kai ne ka tsare abin da ke ciyar da garin nan shekara arba'in da takwas, kana sane cewa shi ne kuma ke cin mutanensa, ba ka taɓa ɗora wa mala'iku laifinmu ba. Mun gode, mai guduma. Na gode, ni da na zage ka mil goma sha ɗaya, ka kuma yafe mana bencin nan in za ka iya.

Ga masu tasowa, ba cewa nake ku riƙa kai ƙarar juna ba. Cewa nake in kun ji muryar abokinku ta canza, ku tsaya ku hau tsani ku duba, ko da duk garin ya ce ku wuce. In kuma kun ga an bar wa wani benci shi kaɗai, ku tambayi kanku ko kun san labarin duka kafin ku matsa.

Washegarin taron nan, Asabar da hantsi, Alick yana bayan gida yana haƙar dankali, sai inuwa ta faɗo kan kunyar. Ewen ne, hannaye a aljihu, idanu sun yi ja. Ya daɗe yana kallon dankalin.

"Ka bar su sun daɗe a ƙasa," ya ce.

"Ban samu mai gaya mini ba. Rhona ba ta nan."

Ewen ya murza tsakuwa da takalmi. "Na je gidan Mama. Mun yi faɗa. Na gyara mata famfo." Ya ɗago kai. "Na duba ofis, na duba sito, Rhona ta buɗe mini. Ina kake ajiye allin nan?"

Alick ya kafa shebur a ƙasa, ya goge hannu a wando, ya laluba aljihun rigarsa ya ciro guntun alli. Suka bi ta gadar katako. A sito na ɗaya Ewen ya durƙusa gaban gangar, ya share ƙurar gurbin da hannun riga, ya rubuta Ewen Shand. Bai tashi ba. Ya ƙara juya allin a hannu, sannan a ƙasan nasa, da ƙananan baƙaƙe, ya rubuta sunan ubansa.